Goyo a Baya, Jarrabawa a Gaba

Anti,

Ni ma'aikaciyar banki ce a nan Kano, shekaruna 31, 'ya'yana biyu: babbar ta shiga nazare, ƙaramin watansa biyar. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a harkar kasuwanci, wato MBA, na masu zuwa ƙarshen mako. Lokacin da na biya kuɗin rajista ban san ina da shigar ciki ba. Haka na yi ta zuwa lacca da laulayi da tsohon ciki, ina cewa in na haihu zan huta. Ashe lokacin ne aikin zai fara.

Hutun wata uku aka ba ni a ofis, na koma. Litinin zuwa Juma'a ina banki tun da sassafe, wani lokaci sai bayan magariba nake shigowa gida, don ba a tashi sai lissafi ya daidaita. Asabar da Lahadi kuma aji, daga safe har la'asar. An raba mu rukuni-rukuni don aikin haɗin gwiwa, a namu ni kaɗai ce mace. Su bayan isha'i suke haɗuwa a wani wurin cin abinci. Ba zan iya zuwa ba, maigida ma ba zai lamunta ba. Yanzu sun fara habaici a WhatsApp wai akwai masu cin gumin wasu. Zangon da ya wuce na faɗi kwas ɗin lissafi da ƙididdiga, sai na sake shi.

A gida ma ba sauƙi. Nonona ya fara raguwa. Yarinyar da ke riƙe min yaron 'yar shekara 12 ce da aka kawo min daga ƙauye, rannan na dawo na tarar ta ba shi shayi wai don ya ƙi yin shiru. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ji labari, ta ce ita ba ta ga bokon da ya fi ɗa ba. Maigida kuwa ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, bai taɓa hana ni ba, shi ya biya rabin kuɗin makarantar ma. Amma da na buɗe baki zan yi ƙorafi sai ya ce, "Ai ke kika ce kina so." Sai in ja bakina in yi shiru.

Anti, sau da yawa in na faka mota a ƙofar gida sai na zauna na yi kuka kafin in shiga. Ina ji kamar ban cika uwa ba, ban cika ɗaliba ba, a ofis ma kame-kame nake. Abokan aikina maza da suka yi wannan digiri an yi musu ƙarin girma sun bar ni a inda nake. In haƙura in bari, ko in daure? Don Allah a sakaya sunana.

Mai goyo, daga Kano

*

Ƙanwata,

Barka da sauka lafiya, ko da yake barkar ta makara. Allah ya raya mana su.

Kin tambaye ni ko ki bar karatu, ni kuwa inda na tsaya cak a wasiƙarki wurin yarinyar nan ne mai shekara 12. Da ita za mu fara. Yarinya kamar wannan ba ta san yaushe zazzaɓin jariri ya zama na asibiti ba, ba ta san abin yi in ya shaƙe ba. Shayin da ta ba shi iya hankalinta ke nan, kada ki yi mata faɗa, manyan da suka bar mata shi su ne da alhakin. Akwai kuma gefen da mu matan boko ba ma son a taɓo mana: kina aji kina neman digiri na biyu, ita da ya kamata a ce tana aji shida na firamare tana gida tana jijjiga ɗanki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara 9 kyauta. Ko babu doka, ba za ki so a yi wa taki 'yar haka ba. In za ta ci gaba da zama a gidanki, ki sa ta makaranta, in ta dawo ta taya ki shara da wanke-wanke. Raino kuwa a nemo babbar mace wadda ta haifa ta goya, a yi maganar albashi da lokacin zuwa da na tashi ɓaro-ɓaro. Za ta fi tsada, na sani. Ki lissafa kuɗinta a cikin kuɗin makaranta, domin nan ne muhallinsa. Tun farko aka yi kasafin karatun nan ba tare da shi ba, shi ya sa kasafin yake ɗingishi.

Sai maigida. Mutumin da ya bar ki ki yi karatu har ya zura hannu a aljihu ya cancanci godiya, ki yi masa ita da gaske. Amma a ganinsa izini da kuɗi su ne rabonsa, ya kuma sauke. In kin zo da "na gaji", abin da kunnensa ke ji shi ne kina zarginsa, sai ya kare kansa da "ke kika ce kina so". Ɗan Kwari ne, ki je masa da magana mai kai da gindi irin ta ciniki: saura zango kaza in gama, abu biyu nake roƙo. Ya ɗauki nauyin kai babbar makaranta da ɗauko ta, ko shi ko wani amintaccen yaronsa. Ranar Lahadi kuma a yafe miki girkin dare, a ci ɗumame ko a sayo. Abin da ke da iyaka da ranar ƙarewa ya fi sauƙin amsawa. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba ranar da kasuwa ta yi masa tsiya ba.

Hajiya kuma, kada ki mayar da ita abokiyar gaba. Jikanta aka ba shayi yana wata biyar, dole ranta ya ɓaci, kuma a wannan gaɓar gaskiyarta ce. Ki je har ɗakinta ki durƙusa ki ce, "Hajiya, na ga kuskuren barin sa da yarinya, ina neman shawararki." Watakila ita za ta samo miki mai rainon daga cikin dangi ko maƙwabta. Watakila ma ta ce a riƙa kawo mata shi ranar Asabar. Tsofaffinmu da yawa faɗansu na an ware su ne, ba a tambaye su ba. Da an ba su gurbi a cikin lamarin sai su koma masu kare shi a gaban surutun dangi.

Maganar nono tana da gyara. Yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ake cire shi, in ya wuni a cike sai jiki ya ɗauka ba a buƙata ya rage. Sashe na 54 na dokar ƙwadago ta Nijeriya ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki. Ki nemi wannan a rubuce wurin masu kula da ma'aikata, cikin ladabi, ki riƙa tatsa a mazubi mai tsabta da murfi. Tatsattsen nono yana kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firij. Amma ke ma kin san Kano a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ga ɗauke wuta, saboda haka ki sayi ƙaramar kula da ƙanƙara, kada ki dogara da firjin ofis. Ranakun aji kuwa, in akwai inuwa mai kyau ko ɓangaren mata a masallacin makaranta, ki tafi da mai rainon da yaron, ki fito ki shayar a tsakanin lacca. Ba ke za ki fara ba, jami'o'inmu cike suke da masu yin haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6. Saura wata guda ya fara shan kunu da ɗan abinci mai laushi, nauyin zai ɗan sassauta, ko da yake shayarwa tana nan.

Ina so ki san wani abu game da wannan digiri, don ki daina ɗora wa kanki laifin da ba naki ba. A Amurka ya samo asali, jami'ar Harvard ta fara shi a 1908, kuma sai a 1963 ta fara karɓar mata kai tsaye cikin cikakken shirin. Fiye da shekara 50 ana yanka rigar wannan karatu a jikin namijin da ya bar mata a gida tana dafa masa abinci tana kwantar da yara. Yawan aikin rukuni, nazarin matsalolin kamfanoni da ake tafka muhawara a kai, zaman dare ana ƙulla zumuncin kasuwanci, duk daga can aka gado su. Abokan rukuninki shida ko nawa ne, kowannensu in ya koma gida ƙarfe goma sha ɗaya tuwonsa na cikin kula. Ba su fi ki ƙwaƙwalwa ba, mata gare su.

Amma wannan ba zai ba ki maki ba, don haka ki yi dabara. Habaicin WhatsApp kada ki tanka shi. Ki kira shugaban rukunin ki ce zaman dare ba naki ba ne, ki kawo madadi: a zauna minti 40 ranar Asabar da an tashi daga aji, sauran a ƙarasa ta kiran bidiyo. Sannan ki zaɓi yankin aikin da kowa ke gudu, ki ce naki ne. Ke 'yar banki ce, kullum cikin alƙaluma kike. Ki karɓi fashin baƙin bayanan kuɗin kamfanin da ake nazari, ki miƙa kwana biyu kafin wa'adi. Wanda ya riga kowa kawo nasa ba a ce masa ci-ma-zaune. In duk da haka suka nace, ki sami malamin kwas ɗin ki nemi sauyin rukuni, zai fi kyau inda akwai wata mace.

Kwas ɗin da kika faɗi, faɗuwa ce irin ta kowa; maza marasa goyo ma suna kifewa a ƙididdiga. Ba a haddace shi, aikata shi ake yi. Ki nemo tambayoyin shekarun baya, ki samu wanda ya ci shi da kyau ya zauna da ke. Bayan sallar asuba, in yaron ya sha ya koma barci, rabin awa kullum ya fi miki wunin Lahadi kina gyangyaɗi a kan littafi. In an zo aikin binciken kammalawa kuma kada ki je nesa, shagon maigida da maƙwabtansa a Kwari sun ishe ki: yadda suke bayar da kaya bashi, yadda tashin dala ke taɓa jarinsu. Zai ji daɗin an tambaye shi, ke kuma kin rage zirga-zirga.

Kukan da kike yi a mota ban ɗauke shi da wasa ba. Zai yiwu gajiya ce da rashin barci. Amma in ya wuce mako biyu kusan kullum, ga rashin jin daɗin komai, ko ba kya iya barci ko da yaron ya yi, ko wani mugun tunani na zuwa miki game da kanki ko shi, to ki ga likita a wannan makon. Ciwon damuwar bayan haihuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma zuwa asibiti bai hana addu'a ba.

To, a bari ko a daure? A ajinku an koya muku cewa kuɗin da aka riga aka kashe ba ya shiga lissafin shawarar gobe, saboda haka kada ki ce dole ki ci gaba don kar kuɗin rajista su tafi a banza. Ki tambayi abin da ke gaba. Ki bincika a ofishinku, shin takardar ce ta ɗaga abokan aikinki, ko yawan kwastomomi da ajiyar da suka kawo? A bankuna da dama na biyun ya fi nauyi a sikeli. In amsa ta nuna digirin zai buɗe miki ƙofa, ko kina da burin kafa naki kasuwancin, to bai kamata ki jefar da shi kina rabin hanya ba. Wasu za su ce ki koma karatu daga gida, irin na jami'ar NOUN ko cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello. Hanya ce mai kyau ga wadda ba ta fara ba. Ke kin yi nisa, kuma kwamfuta a falo ba ta hana yaro kuka.

Ra'ayina shi ne ki ba kanki wata guda ki gyara raino, ki yi magana da maigida da Hajiya da 'yan rukuni. In abubuwa sun daidaita, ki ci gaba. In ba su daidaita ba, ko likita ya ce ki huta, ki ɗage karatun na zango ɗaya ko shekara guda, lokacin yaron ya yi ƙwari. Sai dai ɗagewa tana da ƙa'ida, kuma nan mata da yawa ke yin asara: su daina zuwa kawai, su dawo su tarar an rubuta musu faɗuwa a duk kwasa-kwasan ko an cire sunansu. Ki rubuta takarda zuwa makarantar karatun gaba da digiri ta hannun shugaban sashenku, tun kafin jarrabawa ta matso, ki haɗa da takardar haihuwa ko ta likita. Ki tambayi iyakar zangunan da aka yarda ɗalibi ya yi kafin gurbinsa ya ƙone, da matsayin kuɗin da kika riga kika biya. Kada ki bar ofishin sai an buga hatimin karɓa a kan kwafinki, kuma kada ki zauna a gida sai amsar amincewa ta fito a rubuce.

Taki,
Anti