Daga hoto zuwa katako: yadda injin sassaƙa yake bin zane

Masassaƙa a Kajiji da sauran garuruwan Shagari da Boɗinga sukan dubi itace su san inda gizago zai sauka. Injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda ake kira CNC, ba shi da ido. Lambobi kawai yake bi. An fara nuna irinsa a jami'ar MIT ta Amurka a 1952. Yau akwai ƙanana, kamar samfurin 3018 mai filin aiki santimita 30 da 18.

Kafin ƙungiyar matasanmu ta ci bashi ta sayi inji domin sassaƙa allunan shaguna da na majami'u, ya kamata mu san cewa yawancin aikin yana wajen shirya zane ne.

1. Zaɓen hoto. Mu zaɓi mai baƙi da fari, marar inuwa. Hoton waya ɗigo-ɗigo ne, inji kuwa layi yake bi.

2. Mai da hoto layi. Manhajar Inkscape kyauta ce, tana bin gefen baƙin ta fitar da layuka. Sai mu goge na banza, mu haɗa waɗanda suka yanke.

3. Shata hanya. Mu gaya wa manhajar shata hanya faɗin bakin yanka, zurfi da sauri. Baki mai milimita 3 ba zai fitar da tsaga mai milimita 1 ba. A ƙaramin inji, rami mai zurfi sai an bi shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Itace mai tauri kamar ƙirya yana son tafiya a hankali.

4. Rubuta umarni. Manhajar tana mai da hanyar ta zama umarnin da ake kira G-code. X hagu da dama ne, Y gaba da baya, Z sama da ƙasa.

5. Gwaji. Mu bar injin ya fara zagayawa a iska, bisa katakon, sa'an nan mu gwada a guntu. A sa tabarau, a rufe hanci saboda ƙura.

Matakai huɗu na farko ba su bukatar inji, kwamfuta ta isa. Mu ƙware a kansu tukuna.

Tambayoyin tattaunawa
• Wa zai sayi kayanmu, kuma nawa zai biya?
• Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, katakon yakan lalace. Ina za mu sami wuta tsayayyiya?
• Me tsofaffin masassaƙanmu za su koya mana game da halin itace?