Wane modem ya dace da Commodore 64, kuma da wace manhaja?

Wani mai karatu ya rubuto cewa ya gaji kwamfutar Commodore 64 daga kawunsa da ya yi karatu a Amurka, kuma har yanzu tana tashi lafiya lau. Burinsa shi ne ya sada ta da wasu kwamfutoci kamar yadda masu irinta suke yi a shekarun 1980. Ya ga modem iri-iri a kasuwar intanet, yana so a faɗa masa wanda ya fi gudu ya saya.

Malam, ajiye zancen gudu tukuna, shi ne na ƙarshe. Modem da manhajar sadarwa tare ake zaɓensu, kuma kwamfutar ce ke faɗin abin da za ta iya ɗauka.

Juya ta ka dubi bayanta. Akwai wata kafa mai faɗi da kamfanin ya sa wa suna User Port, nan modem ke shiga. Galibin modem na wancan zamani suna bin tsarin RS-232, wanda wutarsa ke lilo sama da ƙasa, sau da yawa wajen bolt 12. Ita kuwa wannan kafa sifili da bolt 5 kawai ta sani. Idan ka jona su kai tsaye, kana iya ƙona cif ɗin 6526 da ke bayan kafar, kuma an daɗe da daina ƙera shi. Shi ya sa Commodore ya riƙa sayar da adafta mai suna VIC-1011A, ya kuma yi nasa modem da ke shiga kafar ba tare da ɗan tsakiya ba.

Na farkonsu shi ne 1600, wato VICMODEM na 1982. Da hannunka za ka buga lamba a wayar tarho, in ka ji ƙarar ɗaya ɓangaren sai ka zare igiyar kan wayar ka soka a modem. Sai 1650 da 1660, masu buga lamba da kansu amma kowanne da salonsa; 1660 ma da cif ɗin sautin kwamfutar yake yin ƙarar lambobi. Saboda haka dole manhajarka ta san su da suna, in ba haka ba ko kira ba za ta yi ba. A cikinsu duka, 1670 nake yaba wa, kuma ba don gudunsa na 1200 kaɗai ba. Yana jin umarnin Hayes.

Kamfanin Hayes ya fito da Smartmodem a 1981 da wata dabara mai sauƙi: ka rubuta wa modem umarni da haruffa, ta igiyar da saƙo ke bi. ATDT da lamba yana nufin buga kira, ATH ajiye waya, alamar tarawa uku a jere kuma tana dawo da shi ya saurare ka ko da ana tsakiyar hira. Sauran kamfanoni suka bi sahu, har ya zama kusan kowace manhaja ta san wannan yare. Duk modem ɗin da ba ya jin sa, kada ka saya sai in ado kake nema.

Yanzu gudu. Kowane harafi yana cin bit 10 a kan layi, don haka modem mai 300 yana kawo haruffa kusan 30 a daƙiƙa, kana karantawa suna fitowa. Faifan na'urar karanta faifai ta Commodore, wato 1541, yana ɗaukar wajen kilobayit 170. Cika shi a gudun 300 zai ci maka kamar awa ɗaya da rabi, a 1200 kuwa bai kai rabin awa ba. A zamanin da ake biyan kuɗin waya da minti, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Amma Commodore 64 ba ta da cif na musamman mai kula da shiga da fitar saƙo. Don rage tsada, kamfanin ya ɗora aikin a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita ke ƙirga kowane bit. Da zarar an wuce 1200 sai haruffa su fara zubewa. Manhaja mai kyau takan zo da nata tsarin ta kai 2400. Wanda ke son fiye da haka yakan nemi katirij kamar SwiftLink na kamfanin Creative Micro Designs, mai cif 6551, wanda ke kaiwa 38,400. Sayo modem mai gudun 56,000 a maƙala wa wannan kafa tamkar ɗaura wa jaki sirdin dokin sukuwa ne.

In tsohon modem za ka saya, duba ƙasar da ya fito. Amurka ta yi amfani da tsarin Bell 103 a gudun 300 da Bell 212A a 1200, Turai kuma V.21 da V.22. A gudun 300 na Amurka da na Turai ba sa fahimtar juna sam. A Ingila akwai masu tsarin V.23, suna karɓa a 1200 suna aikawa a 75. Sai a 2400, da tsarin V.22bis, aka haɗu a wuri guda.

Sai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi: wa za ka kira, kuma ta wane layi? Waɗannan na'urori wayar girke suke bukata. A Najeriya layukan NITEL sun ja baya tun zuwan wayar salula a 2001, kuma salula ba za ta maye gurbinsu ba, domin tana matse sauti ta yadda ya dace da muryar mutum, ƙarar modem kuwa sai ta dagule a hanya. Ban da haka, allunan saƙonni da ake kira BBS, irin wanda Ward Christensen da Randy Suess suka fara a Chicago a 1978, yawancin waɗanda suka rage yau ta intanet ake shigarsu. Shawarata gare ka ita ce ka nemi modem na WiFi da aka ƙera don wannan kafa. Ƙaramin allo ne mai cif ESP8266 ko ESP32, da yawa suna ɗauke da manhajar Zimodem ta Bo Zimmerman. A wurin kwamfutarka shi modem ɗin Hayes ne: ka rubuta ATDT, maimakon lambar waya ka sa adireshin intanet da lambar ƙofa. Ka tambayi mai sayarwa daga ina allon ke shan wuta, domin bolt 5 na kafar miliamfa 100 kawai aka ƙayyade masa, WiFi kuwa yakan ja fiye da haka.

A ɓangaren manhaja, abin da ke rikita sababbi shi ne haruffa. Commodore tana da nata jerin, PETSCII, wanda ya saɓa da ASCII na sauran kwamfutoci. In manhajar ba ta fassara ba, za ka ga manyan baƙaƙe sun koma ƙanana, ƙanana sun koma manya. Idan allunan masu Commodore za ka riƙa ziyarta, da launukansu da zane-zanensu, CCGMS ta Craig Smith ta ishe ka. Tana da sauƙi, kuma masu sha'awa sun sabunta ta. Idan kuwa za ka leƙa allunan masu IBM PC, NovaTerm ta Nick Rossi ta fi, domin tana gane launukan ANSI, tana kuma iya cusa haruffa 80 a layi maimakon 40 na asali. Ka sani fa, kowane harafi ɗigo 4 kawai yake samu a faɗi, a talabijin zai wahalar maka da ido.

Duba kuma hanyoyin ɗauko fayil da manhajar ta sani. XMODEM, wadda Christensen ya rubuta a 1977, tana aika bayit 128 ta jira a ce mata ya iso lafiya kafin ta ƙara, kuma kusan ko'ina ana karɓarta. Punter, ta Steve Punter ɗan Kanada, ita ce ta gida a allunan Commodore. ZMODEM ta Chuck Forsberg, daga 1986, ba ta tsayawa jira, kuma in layi ya yanke tana iya ci gaba daga inda ta tsaya. Manhajar da ba ta da biyun farko, ka bar ta. Don shigar da ita kwamfutar, na'urar SD2IEC da ke karanta katin SD a madadin faifai za ta sauƙaƙa maka.

Tunda taka daga Amurka ta zo, wutar bolt 110 zuwa 120 ta sani, tamu kuwa 230 ce. Kada ka dogara da taransifoma mai rage wuta kaɗai. Tsohon akwatin wutar Commodore ya yi ƙaurin suna: in ya tsufa, bolt 5 ɗinsa yakan haura ya kashe cif-cif ɗin ma'adana. Sayi sabo wanda aka yi don wutarmu. Ta Amurka tana tafiya a tsarin NTSC da agogon megahaz 1.023, ta Turai a PAL da 0.985, kuma da wannan agogo ake auna gudun saƙo, don haka in manhajar ta ba ka zaɓi, zaɓi NTSC. Kada ka taɓa sa ko cire wani abu a kafar alhali kwamfuta na kunne, kuma ka tabbata ba ka kifa filogin ba, akwai bolt 9 a biyu daga cikin haƙoranta.

Ranar gwaji, saita manhajar daidai da gudun da modem ke farawa da shi, bit 8, babu bit ɗin tantancewa, bit ɗin tsayawa 1. Rubuta AT ka danna RETURN. In ya amsa da OK, kun fahimci juna. In shirme ya fito, gudun bai zo ɗaya ba. In kowane harafi ya fito sau biyu, modem da manhaja ne duka ke maimaita maka abin da ka rubuta, sai ka kashe na modem da ATE0. Yi mako guda a 1200 kafin ka gwada 2400, kuma da ka ga haruffa na ɓacewa, koma ƙasa.