Kafin ka sayi naman barewa

Jama'ar Akokan da Arlit, iyayena da 'yan uwana. Ni ma'aikacin gandun daji ne, kuma mafi yawan aikina a nan arewacin jahar Agadez na yi shi, tsakanin garuruwan ma'adinai da duwatsun Abzin. Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta naman barewa, wanda ake shigowa da shi gari a ɓoye, busasshe a cikin buhu, ana bi gida-gida da shi. Yawancin masu sayensa mutanen kirki ne, ba su taɓa riƙe bindiga ba. To, da su nake magana, domin kuɗinsu ne ke zuba mai a babur ɗin da ke shiga daji.

Sau da yawa samari kan nuna mini bidiyo a waya, na Turawa suna harbin wata dabba mai kama da barewa, ja mai ɗigo-ɗigon fari, suna ɗaukar hoto da ƙahonta suna gasa namanta. Sai su ce, "Yallaɓai, ga shi a Amurka ana yi, mu me ya sa kuke hana mu?" Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Sunan dabbar aksis, asalinta ƙasashen Indiya da Nefal da Siri Lanka. A ƙarshen shekarun 1860 aka kai wa sarkin tsibiran Hawai, Kamehameha na Biyar, 'yan ƙalilan a matsayin kyauta, a 1959 aka saki wasu a tsibirin Mawi, jihar Tekzas kuwa tun 1932 ta shiga can. A Hawai ta tarar da ciyawa da ruwa, babu damisa babu kura, ga shi tana haihuwa a kowane wata na shekara. Ta yi yawa har ta kai dubbai, tana cinye gonaki da makiyaya, hukuma da kanta take neman a rage ta. Maharbin can riba yake ci. Wanda ya harbi barewar Abzin kuwa uwar kuɗi yake ci, don ba ta da rarar da za a ɗiba.

Ku dubi ƙasar da barewarmu take rayuwa. Ruwan da ke sauka a Arlit a shekara ba ya kai milimita 100, wata shekarar ma da ƙyar ƙasa take jiƙa. Barewa takan yi dogon lokaci ba ta sha ruwa ba, ganyen kandili da na aduwa da raɓar asuba ke riƙe ta. Babbarta ba ta wuce kilo 15 zuwa 20. Cikinta kusan wata shida ne, kuma ɗa ɗaya take haifa. Cikin 'ya'yan ma akwai rabon dila, akwai rabon fari. Garken da aka kashe wa mata biyar a dare guda sai ya yi shekaru bai mayar da gurbinsu ba, in ma ya mayar.

Ba hasashe nake yi ba, mun riga mun gani a kan wasu dabbobin. Mariri, wadda kakanninmu suke yin garkuwa da fatarta, a shekarar 2000 aka bayyana cewa ta ƙare a daji a duniya baki ɗaya. Jimina mai jan wuya tana kiwo a kwarurrukan Abzin har farkon shekarun 1990, aka ƙarar da ita a lokacin tawaye, yanzu ana kiwonta a cikin shinge, kamar a Kelle ta jahar Damagaram. Adaks, farar dabbar nan ta Tenere mai murɗaɗɗen ƙaho, a 2016 masu ƙidaya sun bi yankin Tarmit da Tin Tumma ta sama da ta ƙasa, uku kacal suka gani. A yau adaks da ke cikin gandayen masu kuɗi a Tekzas sun fi waɗanda suka rage a Sahara duka. Mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu take ɗauke da sunanta, 'yan tsiraru ne suka rage a Nijar, sun maƙale a dutsen Takolokuzet da na Tarmit. Kowace ɗaya daga cikinsu akwai lokacin da mutane ke cewa ai tana da yawa, ba za ta ƙare ba. Yau abin da ake faɗa kan barewa da ragon dutse da tuje ke nan.

Akwai masu ce mini farauta gadonmu ce. Gaskiya ne, kuma ina girmama ta. Amma maharbin dā da ƙafa yake tafiya, ko a kan raƙumi, da karensa da tarkonsa. Ruwan salkarsa ne ke yanke masa iyaka, ya samu ɗaya ko biyu ya juyo gida. Yana da sarkin baka da ke tsawata masa, ya san lokacin da mata ke da ciki ya ɗaga musu ƙafa. Abin da ake yi yanzu daban ne, kuma na sha bin sawunsa da safe. Za ka ga sawun babur biyu ko na motar kat-kat a kan fili, ga sawun barewa a tsakiya. Da farko taku ne mai faɗi, tana tsalle da ƙarfinta, don a ɗan gajeren zango tana iya kai kilomita 80 a awa. Can gaba sai takun ya gajarta, ya fara karkacewa, ka ga inda ta durƙusa ta tashi, ka ga kumfa da jini a kan yashi. A ƙarshe sai wurin da aka ja ta aka ɗora. Injin ba ya gajiya, ita kuwa zuciyarta ce ke bugawa. Da dare kuma fitila ake haska mata, ta tsaya cak, a harbe ta. Wannan babu jarumta a cikinsa, babu gwaninta, kuma ba ya bambanta namiji da mace mai ciki.

Abin ya ƙaru tun 2014, da aka samu zinariya a Jado da Cibarakaten. Motoci da babura suka cika hanyoyin da dā sai ayarin raƙuma, wuraren da barewa ke fakewa saboda nisansu duk suka zama kusa.

Mai saye kuma ya kamata ya san abin da yake sa wa a tukunya. Dabbar da aka kora har ta faɗi, namanta yakan yi duhu, ya yi tauri, ya yi saurin lalacewa, shi ya sa ake hanzarin yanyanka shi a shanya. Babu likitan dabbobi da ya duba shi kamar yadda ake duba na mahauta. Sannan ga babbar tambaya ga musulmi: an yanka ta kuwa? Wadda ta mutu da gudu, ko mota ta buge ta ta cika kafin wuƙa ta iso, mushe ce, kuma idan nama ya bushe ba mai iya rarrabewa. Mai gudun kada a kama shi ba ya zubar da wadda ta mutu. Ku tambayi malamanmu, a cikin Risala ma an karhanta farautar da ake yi don nishaɗi kawai.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne 'ya'yan barewa da ake kawowa gidaje don ado ko kyauta ga manya. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a kwanakinsa na farko ɗan ba ya bin uwar. Takan ɓoye shi a gindin ciyawa ko ƙarƙashin itace, ya lafe, ta je kiwo ta dawo ta shayar da shi. Wanda ya tsince shi yana zaton maraya ne, alhali uwar tana nesa tana kallo. Waɗanda muke karɓowa daga gidaje, yawancinsu mukan same su da zawo saboda madarar gari da tsakin hatsi, ko da karyayyar ƙafa don sun yi karo da bango a firgice. Kaɗan ne ke rayuwa. In ka ga ɗan barewa a kwance shi kaɗai, kada ka taɓa shi, ka yi gaba.

Doka a bayyane take. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ita ce ke tsara farauta a Nijar. Ta hana farauta ba tare da takardar izini ba, ta hana farautar dare, ta hana bin dabba da mota ko babur, kuma adaks da mena suna cikin waɗanda ba a taɓawa ko kaɗan. Gandun Abzin da Tenere, da aka kafa a 1988 mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 77,000, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Fili irin wannan ba a tsare shi da 'yan motocin sintiri. A gari ake tsare shi, a wurin da ake ciniki.

Na san halin da ake ciki. Tun da kamfanin ma'adinai na Cominak ya rufe a ƙarshen watan Maris na 2021, gidaje da yawa a Akokan suka rasa abin dogaro, kuma ba na raina yunwar kowa. Amma a abin da na gani, talaka ba shi ne ke cin naman nan ba. Yaron da ke kan babur ɗan abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, shi ke faɗuwa ya karye, shi ake kamawa. Mai ba da mai da harsashi, da mai aikawa a kawo masa don marmari ko don ya burge baƙi, suna gida a zaune.

Kuma dabba tana dawowa in an bar ta. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, ba su kai 50 ba a 1996, amma da mutanen ƙauyukan suka tsaya musu sun haura 600. A Chadi an fara mayar da mariri daji a 2016, yanzu tana haihuwa a can. Barewa ta fi su sauƙi, tunda har yanzu tana nan, abin da take bukata a daina korarta.

Don haka ga roƙona. Iyaye mata, in an kawo muku buhun nan, ku ce ba ku so, ko da an rage kuɗi. Alhazai da manyan ma'aikata, kada ku karɓe shi a matsayin tsaraba, kuma ku faɗa wa mai kawowa dalili. Direbobin hanyar zinariya da ta Iferwan, kada ku ɗauki kayan da kuka san na daji ne. Limamai, ku sa maganar a huɗuba. Makiyaya, ku ne idanunmu a daji, in kun ga fitila tana yawo da dare ku sanar da mai gari ko ofishin gandun daji mafi kusa, ba za a bayyana sunanku ba. Ranar da mai buhu ya zagaya Akokan da Arlit bai samu mai saye ba, ba zai sake sayen man komawa daji ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya damƙa mana.