Yadda Ake Daidaita Ruwan Kwamin Ninkaya Mai Gishiri

Wanda ya ji an ce kwamin ninkaya mai gishiri zai zaci ruwan teku aka kwaso aka juye a bayan gida. Ina! Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, na kwami kuwa giram 3 ne da 'yan kai, da ƙyar harshe ke jin ɗanɗanonsa. Kuma ba gishirin ke kashe ƙwayoyin cuta ba. Akwai ɗan inji da ake haɗawa da bututun da ke mayar da ruwa cikin kwamin, cikinsa jere da faranta na ƙarfen titaniyam. Lantarki na ratsa farantan ya fasa narkakken gishiri, kulorin ya fito, ya gama aikinsa ya koma gishiri, a sake zagayowa. Wato dai kulorin ne ke tsaftace ruwan, sai dai a gida ake haɗa shi maimakon a sayo a jarka. Mutanen Ostireliya sun rungumi wannan dabara tun shekarun 1970, yau kuma ta cika gidaje a jihohin Amurka masu zafin rana irin su Arizona da Fulorida da Teksas.

Ranar nan ita ce tushen wahalar. Haskenta na cinye kulorin da ba shi da kariya, cikin kamar awa biyu na tsakar rana mafi yawansa ya tafi. Inji yana samarwa a hankali, rana tana kwashewa da sauri. Abin da ke shiga tsakani shi ne sitabilaiza, wanda masana ke kira asid ɗin sayanurik. Laima ce ga kulorin. Friedrich Wöhler, Bajamushe, shi ya fara haɗa shi a 1829, kuma har yau daga yuriya ake yin sa, irin wadda manomi ke zuba wa masara.

Kafin a je kanti sai a san girman kwamin. A ninka tsawo da faɗi da matsakaicin zurfi. Kwami mai tsawon mita 10, faɗin mita 4, zurfin mita 1.25, lita 50,000 yake ci, kuma da shi za mu yi misali. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa ppm, ma'anarsa giram ɗaya a cikin lita 1,000. Saboda haka a kwaminmu, giram 50 na zallar sinadari shi ke ɗaga ruwan da ppm ɗaya. Wanda ya riƙe wannan lissafi ba mai kanti da zai yi masa wayo.

Sai gwaji. Akwai 'yan takardun da ake tsomawa su canza launi, masu araha ne, amma ni ban yarda da su ba a inda za a kashe kuɗi bisa abin da suka nuna. Gara akwatin gwaji na ɗigo, irin Taylor K-2006 da ya yi suna a Amurka. A bar famfo ya zagaya ruwa na ɗan lokaci, sannan a nutsa hannu har gwiwa a ɗebo, nesa da inda ruwa ke shigowa.

Ana fara gyara da alkaliniti, wato ƙarfin da ruwa ke da shi na hana tsami ya rinjaye shi, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miyar yakuwa. Abin da aka saba shi ne 80 zuwa 120, kodayake masu kwamin gishiri da yawa na barin nasu a ƙasa-ƙasa, wajen 70 ko 80, saboda dalilin da zai zo yanzu. Idan ya yi ƙasa, bekin soda ke ɗaga shi: kusan giram 840 na ƙara 10 a lita 50,000.

Daga nan sai pH, mai nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Ana son sa tsakanin 7.2 da 7.8. A kwamin gishiri kullum hawa yake yi, domin injin yana fitar da 'yan kumfan haidirojin da ke motsa ruwa, iskar kabon ta fice, pH ya tashi. Yawan alkaliniti kuma na ƙara masa gudu. Maganinsa asid ɗin muriyatik, ba ruwan batir ba. A sa safar hannu da tabarau, a tsaya yadda iska za ta kore tururin daga fuska, a zuba kaɗan-kaɗan gaban bututu famfo na aiki. In za a sirka, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Kada kuma a kuskura a haɗa shi da kulorin a bokiti ɗaya, ko a ajiye su kusa da juna, don hayaƙin da ke tashi yana kisa.

Kalshiyam ana son sa 200 zuwa 400. Ya yi ƙasa, ruwa ya ci simintin kwami; ya yi yawa, farin ɓawo ya lulluɓe farantan inji kamar gindin tsohuwar butar shayi. A birnin Finiks na Arizona, inda ruwan famfo ke cike da shi kuma zafi ke wuce digiri 43 da bazara, ruwa na tashi sama ya bar kalshiyam a baya, a ƙara sabo ya zo da nasa. Mutanen can ba sa sayen kalshiyam, neman hanyar rage shi suke.

Gishiri ba shi da wuya. Yawancin injuna na son 2,700 zuwa 3,400. Sabon kwaminmu zai ci kilo 160 kafin ya kai 3,200, kusan buhu tara irin na Amurka mai kilo 18. A nemi zallan gishiri wanda ba a sa masa aidin ko maganin hana dunƙulewa ba, don na biyun na iya ɓata launin bango. A kashe injin kulorin, a watsa gishirin, a share shi da buroshi har ya narke, a bar famfo ya kwana ya yini kafin a kunna inji.

To, yanzu sai laima. Gwajinta daban yake da sauran. Ana haɗa ruwan kwami da ruwan gwaji, cakuɗin ya yi hazo, sai a riƙa tsiyaya shi cikin wani siririn bututu mai baƙin ɗigo a gindi har ɗigon ya ɓace wa ido. Inda ruwan ya tsaya, nan lambar take. A yi shi a waje, rana a bayanka, bututun daidai ƙugu, kuma a maimaita sau biyu ko uku, don ido na yaudara.

Nawa ake so? Kwamin da ake zuba wa kulorin da hannu 30 zuwa 50 ya ishe shi. Ga na gishiri, masu ƙera injuna da dama na cewa 60 zuwa 80, wasu kuma sun tsaya a ƙasa da haka. Littafin injinka shi ne alƙali. Kwamin da ke cikin rufaffen ɗaki ba ya bukatarta, tunda ba ranar da za a tare.

A ce gwaji ya nuna 20, kana son 70. Bambancin 50 ne, a ninka da giram 50, ya ba da kilo 2.5. A Amurka akan sayar da shi a roba mai kilo 1.8. Mai kanti zai ce ka ɗauki biyu ka juye. Ka ɗauki biyun in ka so, amma ɗaya za ka fara zubawa, wadda za ta kai ka wajen 56. Dalili kuwa duk mai girki ta san shi: gishiri in ya yi wa miya yawa ba a tsamo shi, sai dai a ƙara ruwa. Sitabilaiza ba ya bin tururi ya tashi, rana ba ta cin sa. Idan ya kai 140, hanyar komawa 70 ita ce zubar da rabin ruwan, lita 25,000, jarkar mai ruwa guda 1,000 ke nan, tare da gishiri kilo 80 da ka saya da kuɗinka. Kuma ba a yashe kwami ƙarƙaf da ka, musamman a wuri irin Fulorida inda ruwan ƙasa ke kusa, don yana iya turo kwamin sama ya tsage.

Yawansa kuma ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Laimar da ke kare kulorin ita ce kuma ke riƙe masa hannu. Gwaji zai nuna akwai kulorin, amma ga gansakuka na yaɗo a bango. Shi ya sa hukumomin lafiya a jihohi da yawa na Amurka suka hana ya wuce 100 a kwamin jama'a. Ƙa'idar da gogaggu ke bi ita ce kulorin ya kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na sitabilaiza: mai 70 kada ya bar kulorin ya sauka ƙasa da 3.5.

Wajen saye, kada sunan da ke gaban roba ya ruɗe ka. Wani kamfani zai rubuta Stabilizer, wani Conditioner, abu ɗaya ne. Juya bayan robar ka nemi Cyanuric Acid, ka ga ya kai kashi 98 zuwa 100, sannan ka kwatanta farashin kilo da kilo. Akwai na ruwa, mai saurin gauraya, amma tsadarsa ta fi amfaninsa ga wanda ba ya gaggawa. Sannan ka tuna ko ka taɓa jefa fararen ƙwayoyin nan na Trichlor lokacin da inji ya lalace. Suna ɗauke da sitabilaiza a jikinsu: duk 10 na kulorin da suka bayar, sun bar 6 na laima. Mutane da yawa ta nan nasu ya cika ba su sani ba, suka kuma je suka sayo ƙari.

Garin sitabilaiza ba ya narkewa da wuri, kuma in aka watsa shi ya kwanta a ƙasa yana iya ɓata shimfiɗar kwami. Dabarar da kowa ke yi abin dariya ce amma tana aiki: a ɗura shi cikin tsohuwar safa, a ɗaure baki, a rataye ta gaban bututun da ke feso ruwa, ba tare da ta taɓa bango ba. Lokaci-lokaci a zo a matsa ta kamar mai tatsar gasara. A bar famfo yana aiki, kada a wanke matatar ruwan kwami cikin kwanakin nan don kada a zubar da abin da bai gama narkewa ba. A jira kamar mako guda kafin a sake gwaji, sannan a ga ko za a buɗe roba ta biyu. A duba pH ma, tunda garin asid ne, yakan ɗan saukar da shi.

Sai a kunna inji, a fara da rabin ƙarfinsa, a riƙa auna kulorin kowace yamma ana ƙara ko ragewa har ya tsaya inda ake so. Daga nan kulorin da pH sau biyu a mako, sauran wata-wata. Duk wata uku a kwance inji a leƙa farantan. In da ɓawo, a jiƙa su a ruwa kashi huɗu da asid kashi ɗaya har kumfa ta daina tashi, kada a kankare da ƙarfe. Idan kuma aka yi ruwan sama mai yawa har kwami ya tumbatsa, a sake auna gishiri da sitabilaiza, don ruwan da ya malala ya tafi da nasa rabon.