Amsoshin Takardunku: Wace Gaskiya Ke Cikin Ƙagaggen Labari?

Wani mai sauraro daga Maraɗi ya aiko da tambaya cewa, tunda ƙagaggen labari ƙirƙirarsa aka yi, wace gaskiya mutum zai tsinta a ciki?

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya isa misali. An rubuta shi ne domin gasar ƙagaggun labarai ta Hausa da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Marubucin a lokacin malamin makaranta ne a Bauchi, tun kafin ya zama Firaministan Najeriya.

Shaihu Umar ba wani malami ba ne da za a nuna kabarinsa. Amma duniyar da aka dasa shi a ciki ta gaske ce: ƙasar Hausa ta ƙarshen ƙarni na 19, zamanin harin bayi da ayarin raƙuma masu ratsa hamada zuwa Murzuk da Tarabulus. Littafin tarihi zai faɗi hanyoyin fatauci da kasuwannin da ake cinikin bayi. Abin da ba ya iya nunawa shi ne yadda cinikin ke shiga gida ɗaya ya watsa shi. Makau, mijin uwar Umar, bafade ne mai fita kamen bayi, sai makircin fada ya kore shi daga gari, kuma Umar, yaron gidansa, ya faɗa hannun masu satar mutane. Wato wanda ya kama na wani yau, gobe nasa ake kamawa.

Wurin da labarin ya fi ciwo shi ne na uwar. 'Ya ce, ba baiwa ba, ta fito neman ɗanta, aka yaudare ta a hanya, ta ƙare a cikin bauta. Sai a Tarabulus suka sake ganin juna, ta riga ta lalace da wahala, ba ta daɗe ba ta rasu.

Sai dai a yi hattara, labari ba hujjar kotu ba ne. Yana ɗauke da ra'ayin mai shi. Balaraben da ya riƙe Umar, Abdulkarim, an nuna shi mai kirki ne har ya ba shi ilimi, wanda ba haka rabon yawancin bayi ya kasance ba. Ko wannan sassaucin yana nuna yadda mutanen zamanin ke kallon bauta, domin a lokacin da littafin ya fito waɗanda suka ɗanɗana ta suna raye, kuma sai a 1936 doka ta soke ta ɗungurungum a Arewacin Najeriya.

Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976.