Darasin Lafiya: Mai Sanƙarau a Ɗakin Gaggawa

Darasinmu na wannan wata a kan sanƙarau ne, da abin da majinyaci zai tarar a asibiti.

Ciwon nan na rani ne. Yakan fara tun hunturu, ya yi tsanani da bazara, sai ruwa ya sauka yake lafawa. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2017 ya sake ɓarkewa, ya fi yin ɓarna a Zamfara, maƙwabciyar Birnin Gwari.

Mu ɗauka wani saurayi ne a Damari. Ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani. Gari ya waye yana amai, ba ya son haske, wuyansa ya sandare har haɓarsa ba ta taɓa ƙirji. To, kada a tsaya jiƙo ko turare, domin sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya. A nemi mota tun da hantsi, kun dai san halin hanyoyin dajin nan da dare. A nufi babban asibiti mafi kusa, kamar na Birnin Gwari. Idan abin ya fi ƙarfinsu, sai su tura shi asibitin koyarwa na Shika, kusa da Zariya.

Da isa, nas za ta auna zafin jikinsa, a sa masa ƙarin ruwa. Daga nan likita zai nemi izinin ɗiban ruwan ƙashin baya. A nan ne iyaye da yawa suke tsorata, wasu har su ɗauke ɗansu su koma gida. Wai allurar tana shanye ƙafa. Ba haka ba ne. Ana soka ta ne a ƙugu, ƙasa da inda lakar baya ta ƙare.

Za a kwantar da shi a gefe ɗaya, ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji. Akwai zafi, ba mu ɓoye muku ba, amma na ɗan lokaci ne. Ruwan da ake ɗiba bai kai cokali biyu ba. Na mai lafiya garau yake kamar ruwan sama. Na mai sanƙarau yakan fito gurɓatacce kamar ruwan wankin shinkafa. Da shi likita yake gane irin ƙwayar cutar.

Ba a jiran sakamako kafin a fara allurar magani. Za a yi ta yi masa kwana da kwanaki. Ko ya farfaɗo ya nemi tuwo a kwana na biyu, kada ku matsa a sallame shi sai allurar ta cika.

Kafin ku tafi gida, ku roƙi a gwada jinsa. Cikin mutum 5 da suka tashi daga wannan ciwo, 1 yakan fita da wata larura, musamman kurumta. Ku kuma tambayi nas ko mutanen gidan suna bukatar magani ko rigakafi.