Darasi: Mu Rubuta Shekarar Gidanmu



Idan shekara ta ƙare, ɗan kasuwa yakan zauna ya ƙirga riba da faɗuwa. Mai gida ma ya kamata ya yi haka. Darasinmu na yau shi ne yadda iyali za su waiwayi shekararsu, su rubuta ta cikin kaye. Za mu ɗauki misali daga Tabelot, cikin duwatsun Abzin, jihar Agadas.

Yadda gidan Tabelot yake rayuwa

Tabelot tana kusa da gindin dutsen Bagzan, wanda tsayinsa ya fi mita 2000. Daga can zuwa Agadas ya fi kilomita 100. Ruwan sama bai isa a noma hatsi ba, sai a sayo shi daga kudu. Abzinawan wurin sun daɗe da dogara ga abu uku: garka, bisashe da ayari. Farin 1973 da na 1984 sun kashe raƙuma da yawa, sai mutane suka ƙara komawa ga garka.

Saboda haka mutanen gida ɗaya sukan rarrabu. Wani yana garka. Mata suna daji da awaki. Wani yana kan hanya. Kowa ya san nasa ɓangare, amma babu wanda ya ga shekarar duka. Kaye shi ne zai haɗa su. A ware masa shafi uku.

Shafi na 1: Lafiya

A ja layi huɗu. A rubuta sunan wanda ya yi ciwo, da watan da ya kwanta, da irin ciwon, da kuɗin da aka kashe. Kada a manta da kuɗin mota zuwa gidan likita.

In kun yi haka za ku ga kowane lokaci da ciwonsa. Da ɗari, tari da mura ke damun yara da tsofaffi. Da bazara ake tsoron ƙyanda da sanƙarau. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa yana kwanciya, sauro ya yi yawa. Lokacin masassara ke nan da zawo.

A ɗauko karnen lafiya na kowane yaro a duba. Ana yi wa jariri lamba da an haife shi, sannan a sati 6, sati 10 da sati 14. Ta ƙyanda ana fara ta a wata 9. In an tsallake ɗaya, a rubuta, a kai yaro. A duba kuma sau nawa mai ciki ta je awo. A duba sange: nawa ne a gida, nawa suka yage?

A ƙasan shafin a rubuta yadda ake haɗa ruwan zawo, domin kowa ya gani: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ana ba yaro kaɗan kaɗan, ana kan hanyar kai shi likita.

Shafi na 2: Aiki

Garakan Tabelot suna ba da albasa, tafarnuwa, tumatir, dankali, alkama, masara da dabino. A da, raƙumi ko sa ke jan ruwan rijiya. Yau garake da yawa da inji suke ban ruwa. Inji yana da sauri, amma yana shan mai, kuma yana son gyara.

Albasar Abzin tana fitowa bayan damina, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci a kasuwa. Shi ya sa manyan motoci ke ɗaukar ta daga Agadas har ƙasashen bakin teku. Kuɗi suna shigowa da yawa a lokaci ɗaya, sai mutum ya ɗauka duka riba ce. Bari mu gwada. Waɗannan lambobi misali ne kawai, kowa ya sa nasa.

A ce an sayar da buhu 40, kowane buhu jika 15. An samu jika 600.
Mai da gyaran inji: jika 150.
Iri da taki: jika 70.
Buhuna da kuɗin mota: jika 100.
Biyan bashi: jika 80.
Abin da aka kashe: jika 400.
Abin da ya rage: jika 200.

Kun gani? Kashi ɗaya cikin uku ne ya rage a hannu. Cikinsa za a sayi hatsi, shayi, sukari da tufafi.

Aikin mata ma a rubuta shi. Awaki nawa suka haihu, nawa suka mutu, nawa aka sayar? Cuku nawa aka kai kasuwa? Sau da yawa da kuɗin akuya ake biyan magani, amma ba a ƙirga shi.

A rubuta ɓarnar da aka yi. A farkon Satumba 2009 ruwa mai yawa ya sauko daga duwatsu, ya ɓata garake da rijiyoyi a Tabelot da Dabaga, ya rushe gidaje a Agadas. Wanda ya rubuta inda ruwa ya bi, ya san inda zai tare da duwatsu, ya san kuma inda ba zai bar injinsa ya kwana ba.

Shafi na 3: Tafiya

Ayarin gishiri yana tashi bayan damina. Yana ratsa rairayin Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar da ta fi kilomita 400. Ana kai hatsi, a komo da kantun gishiri da dabino. Daga nan a gangara kudu, wajen Damargu, Damagaram da Tasawa, a sayar, a sayo hatsi. Yau motoci sun karɓe kaya da yawa, ayari ya ragu.

Wata tafiyar ta ƙaru. A 2014 aka samu zinariya a Jado, samari suka kwarara can. An rufe wurin a 2017, amma neman zinariya ya ci gaba a wasu wurare na jihar. Wasu kuma suna zuwa Aljeriya ko Libiya neman aiki.

Ga kowane matafiyi a rubuta abu huɗu: ranar tashi, ranar dawowa, abin da ya tafi da shi, abin da ya kawo. A ƙara da na biyar: da wace lafiya ya dawo? Wanda ya komo daga ramin zinariya da tarin da ya wuce sati 2, ya je likita a duba shi. A ƙirga kuma kuɗin ɗan ƙwadagon da aka ɗauka a madadinsa. A nan ne za a san ko tafiyar ta biya.

Mu jera shafin uku

Yanzu a buɗe shafin uku tare, a bi su wata wata. Ga abin da gidaje da yawa za su gani. Kuɗin albasa suna zuwa a ƙarshen shekara. Masassara tana zuwa da damina. Tsakaninsu wata da yawa ne. Lokacin da yaro ya kwanta, kuɗi sun ƙare, sabuwar albasa ba ta nuna ba, ƙorama ta cika ta yanke hanya, wataƙila kuma mai gida ba ya nan.

Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma mota ba kyauta ba ce, kuma wani lokaci sai an sayo magani. Kwana ɗaya da aka ɓata wajen neman rance yana iya cin ran yaro mai masassara.

Maganin wannan yana hannunmu. Ranar da aka karɓi kuɗin albasa, a cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ya rage. A misalinmu jika 20 ke nan. A ba uwar gida ta ajiye, domin ita ce ke tare da yara. Kafin mai gida ya tashi, ya faɗa gaban kowa: in ciwo ya zo, a kai yaro likita, ba sai an jira shi ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tambayoyi

1. A wane wata aka fi ciwo a gidanku bana?
2. In an sayar da buhu 30 a kan jika 12, an kashe jika 250, nawa ya rage?
3. Wa ya yi tafiya daga gidanku? Kwana nawa ya yi?
4. Wa ke riƙe da kuɗin magani idan mai gida ba ya nan?

Ku rubuta amsa cikin kaye, ku kawo wa malaminku a cibiya. Wanda ya iya rubutu ya taimaki maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da shekara mai albarka.